Na Tafi Kiran Shanun Juli

Na bar gida ƙarfe shida saura minti goma, da idar da sallar asuba, gari bai waye ba. Kayana uku ne: rabin buhun kanwa, goro cikin ganye, da bargo. Ina rubuta wannan ne saboda ku 'yan garinmu da ke ci-rani, tunda na ji ana aika muku labari ta salula wai na haukace. Ga yadda abin ya gudana, daki-daki.

Kun san gonar babanmu ta gabas da gari. Tun ina yaro, duk shekara in an saki gonaki bayan girbi, Fulanin gidan Altine ke sauka cikinta. Shanunsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su damin gero, su sha a rijiyar gari bayan mata sun gama ɗiba. Babu takarda a tsakani. Alamar kira ɗaya ce: mai gona ya bar karansa a tsaye. Sai shekarar faɗa. Shanu suka shiga waken wani kafin a saki gonaki, aka fito da sanduna da adduna. Rumbu uku suka ƙone, har da na yayana Mati. Mutum biyu suka mutu, ɗaya namu, ɗaya nasu. Nasu shi ne Sambo ƙanen Juli, Juli kuwa ɗan Altine ne, abokina tun muna wasan langa. Hukuma ta yi sulhu, aka dafa Alƙur'ani, amma gidan Altine suka yi yamma, shanu ba su sake dawowa ba. Ni ma na fita da sanda ranar. Ban bugi kowa ba, ban kuma hana kowa ba.

Gonar da ke ba babanmu dami ɗari da ashirin, bana arba'in da uku ta ba ni. Ƙasa ta yi fari fat. Sau biyu ina sayen takin buhu, ruwa ya yi tsaiko, takin ya ƙone shuka. Don haka bana, da kowa ya yanke karansa ya jibge a gida, ni na bar nawa a tsaye.

Rana ta farko: daga gida zuwa Tibiri

Mati ya tare ni a bakin masallaci.

"Hamisu, da gaske kake? Waɗanda suka ƙone mini rumbu za ka je ka ɗauko?"

"Yaya, taki zan ɗauko."

"To in ka dawo da kanka bisa wuya, ka gode Allah. Yamma ba ta shiguwa yanzu."

Na ce ya yi mini addu'a. Bai yi ba.

Kabu-kabu ya kai ni Gazawa cikin minti arba'in, kilomita goma sha ɗaya cikin rairayi. A tasha na sha koko da ƙosai na dala arba'in. Motar Maraɗi ta cika ƙarfe takwas da minti ashirin. Direba ya ɗaga buhuna, ya ajiye.

"Baba, wannan kanwa kujera guda ce."

"Kanwa ba ta da gindin zama. Ɗora ta bisa."

Ya yi dariya, ya ɗora. Muka iso Agiye tara saura kwata, muka tsaya rabin awa ana ɗaure awaki a saman mota. Daga nan zuwa Cadawa na sa ido a kan gonaki, dama da hagu. Itatuwan gawo sun yi yawa, abin sha'awa, amma ƙarƙashinsu an share kara ƙarƙaf. Gona biyu kaɗai na gani da shanu a ciki. Shinge biyu muka tarar kafin Maraɗi, kowanne aka duba katin ɗan ƙasa, aka mayar mana. Mun shiga Maraɗi sha ɗaya da rabi. Ban tsaya kallon gari ba, na canja mota, azahar ta same ni a Tibiri, gidan yayata Rabi.

Mijinta Nomau Bagobiri ne, bakinsa ba ya hutawa. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya buga cinya.

"Ku mutanen gabas dai! Faɗa guda kunka yi, shekara goma kuna jinya. Mu nan tun kakanni yaƙi ag gadonmu, amma ba mu taɓa barin damana ta wuce ba. Ka ga wanga gari? Masu gudu sunka kafa shi, sunka ce daga nan ba su ƙara gudu."

"To ka raka ni mana, jarumi."

"Ƙafata na ciwo," ya ce, Rabi ta yi ta dariya har ta zubar da miya. Tuwon gero da miyar kuka muka ci. Rabi ta ce in na kai Gidan Rumji kada in tambayi maza, in nemi masu tallar nono. Su suka san inda kowace ruga take.

Rana ta biyu: Gidan Rumji da rugar Juli

Na tashi Tibiri ƙarfe bakwai. Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, da gangan na daidaita tafiyar da ita. Kilomita arba'in da wani abu ne, amma awa biyu muka yi saboda shingaye. A na biyu aka sauke mu duka. Wani jandarma ya soka yatsa cikin buhuna.

"Kanwa? Wa za ka kai wa?"

"Wani Bafillace, abokina."

"A daji?"

"Inda shanu suke, ranka ya daɗe. Ba a kiwonsu cikin ofis."

Ya dube ni da kyau, ya rubuta sunana da na garinmu, ya ce kada magariba ta same ni a hanya. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Wanda na ga laifinsa wani mai babbar riga ne a cikin mota, da ya ce, don kowa ya ji, wai duk mai kai wa Fulani kaya ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Na tambaye shi da me ya karya yau. Ya ce fura. Na ce da nonon wa aka dama? Ya juya yana kallon taga har muka sauka.

An gaya mini yamma ta mutu. Ƙarya ne. Kasuwa ta cika maƙil, gero, wake, tumaki, yadi, har mai gyaran rediyo. Na ci dambu da zogale a wajen wata mata da ta tsallako iyaka da 'ya'yanta huɗu bayan an ƙone ƙauyensu. Na yi mata jaje, ta ce, "Jaje ya wuce, Malam. In ƙara maka mai?" Ta ce bana ta sami aron gona, ta ɗauki dami goma sha tara.

Masu nono suna zaune ƙarƙashin dogon yaro. Ta uku da na tambaya ta san Juli ɗan Altine. Ta ce suna arewa, ta wajen Cadakori, kilomita goma sha huɗu. Na sami amalanken wani mai komawa da gishiri, muka tashi sha biyu da rabi. Sa ɗaya ke ja, kuma ba ya sauri don kowa. La'asar ta yi kafin in hango bukkoki huɗu a gefen wani tudu.

Juli yana tsaye da sanda bisa kafaɗa. Gemunsa ya yi fari, nawa ma haka. Na yi sallama, ya amsa. Muka gaisa gaisuwar baƙi, lafiya, gajiya, iyali, dabbobi, har ta ƙare, babu wanda ya kama sunan wani. Na sauke kanwa, na ajiye goro a kanta. Na dubi garke, na ga bai kai rabin wanda na sani ba, sai bakina ya riga hankalina.

"Shanu nawa suka rage?"

Ya ɗaga gira. "Kaɗo! Ka tsufa ba ka koya ba? Wa ke ƙirga wa mutum shanu?"

Na sani sarai ba a yi, na ji kunya. Amma da ya ce Kaɗo, na san ya gane ni, don da haka yake kirana tun muna yara. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kindirmo cikin ƙwarya. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba: gona ta mutu, kara yana tsaye, ina son shanu su sauka kamar da.

Ya ce, "Na daji sun kwashe mini shanu sau biyu, sun ce ni ɗan gari ne. Na gari sun hana ni ruwa, sun ce ni ɗan daji ne. Nan ba daɗi. Amma garinku ban iyawa, Hamisu. Na gan ka ranar. Da sanda."

"Ka gan ni. Ban zo in ce ba ni ba ne."

"To."

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai wata murya ta fito daga bukka.

"Wane ne ke magana kamar ɗan Hajo?"

Inna Dije ce, uwar Juli. Hajo sunan mahaifiyata, su biyu sun shekara talatin suna musayar nono da gero. Ta fito tana laluben hanya, idonta ya yi rauni. Na durƙusa. Ta tambayi Hajo, na ce ta rasu shekara shida. Ta yi mata addu'a. Sannan ta kama hannuna ta riƙe.

"Inda aka sa Sambo, garma ta bi ta kai?"

Gudu suka yi ranar, ba su suka binne shi ba. Babanmu ne da mutum biyu suka yi masa sutura a gefen gonarmu.

"Ba ta bi ba, Inna. Taku biyar tsawo, uku faɗi. Baba ya kewaye da ƙaya, da ya rasu ni nake sabuntawa duk bazara. Aduwa ta fito a wurin, ta fi ni tsawo yanzu."

Ta saki hannuna. "Juli, a nemo mini jaki."

"Inna, ba a tafiya haka."

"Kai zauna. Ni ban taɓa ganin wurin ba, kuma idona ya kusa rufewa."

Juli ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana tonon ƙasa da sanda. Da ya ɗago, ni ya duba.

"Kara naka ne. Rijiya ta gari ce. Wa zai bar mu mu sha?"

"Ina da rabo a rijiyar kamar kowa. Kakana na cikin waɗanda suka haƙa ta. Ba za ka taɓa igiya ba, ni zan ja."

"Kai? Da wannan bayan naka?"

"Ya fi naka."

Juli ya ce za su iso cikin kwana goma sha biyu, in sun bi burtali a hankali saboda 'yan maruƙa. A rugar na kwana. An ba ni tuwo da man shanu.

Rana ta uku: komawa

Na tashi shida da rabi. Juli ya raka ni har inda amalanke ke wucewa, ya ce, "Ka gai da Zali," matata ke nan. Gidan Rumji tara da rabi. Jandarman jiya yana nan a shingensa, ya duba littafinsa ya ce, "Mai kanwa ya dawo." Maraɗi sha biyu saura, na yi sallah, na ci shinkafa da wake a tasha. Tsakanin Cadawa da Agiye taya ta fashe, muka rasa minti hamsin. Gazawa huɗu saura kwata. Garinmu huɗu da rabi.

Ban shiga gida ba, gona na nufa. Kara yana nan, sai layi biyu ta kudu da aka sare. Matata Zali tana zaune a tsakiyar gonar bisa tabarma tana saƙa faifai. Ta ce washegarin tafiyata wasu sun zo da adduna, wai wuta za ta iya kamawa ta ci gari. Ta ce musu su fara da ita. Tun ranar a nan take wuni.

Daga nan na wuce ƙofar mai gari, dattawa suna zaune, Mati na cikinsu. Na gaida su, na ce ina da magana uku. Ta ɗaya, shanun Juli suna tafe, kwana goma sha biyu. Ta biyu, a gonata za su sauka, kuma hukuma ta riga ta saki gonaki. Ta uku, za su sha a rijiya bayan mata sun gama, kamar da.

Mati ya miƙe. "Wallahi in saniya ɗaya ta taka gonata…"

"Yaya, me za ta ci a gonarka? Ko kara ɗaya ba ka bari ba."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Malam Idi, wanda ɗansa ne ya mutu a ɓangarenmu, ya tambaya ko tsohuwar tana da rai. Na ce tana da rai, tare za su zo, kabarin ɗanta take son gani. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Mai gari ya ce rijiya ba ta taɓa samun ƙofa ba, shi kuma ba zai sa mata ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Rabi da mai ciwon ƙafarta, da mai nono da ta nuna hanya, da mai amalanke, da Zali. Ku na nesa, ga gaskiyar magana kun ji. Mati har yau bai amsa gaisuwata ba. Na sayi sabuwar igiya, na ɗinke guga. Saura kwana tara. Duk mai magana ya same ni bakin rijiya bayan azahar, ni ne mai ja.