Burushin da Ya Fi Ƙarfin Lindsay Pascoe

Duk wanda ya san garin Hay ya san Lindsay Pascoe, ya kuma san kaifin bakinsa. Shekara hamsin ya yi yana askin tumaki da almakashi. Tun yana saurayi kowa ya koma inji, shi ya kafe. Masu ragunan kiwo masu tsada ba sa yarda inji ya taɓa musu dabba, don haka shi ake aiko wa mota har ƙofar gida. Wannan ya fasa masa kai ba kaɗan ba. In ya shiga rumfar aski ya tarar da masu inji suna ta fama, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Sannunku da riƙon wayar inji! In an ɗauke wuta sai ku tafi gida ku taya mata wanke-wanke."

Da yatsun nan goma ya gina gida a bakin kogi, ya aurar da 'ya'ya biyu. Sai ciwon gaɓoɓi ya zo ya karɓe su. Yana shekara saba'in da ɗaya hannun dama ya ƙage, ya lanƙwashe kamar har yanzu almakashin na ciki, na hagun ma ya bi sahu. Kofin shayi sai ya tallafe da hannu biyu. Wannan kowa ya gani ya kau da kai. Abin da bai so kowa ya sani ba, musamman matarsa Noreen, shi ne burushin goge baki ma ya fi ƙarfinsa. Ɗan siririn abu, da ya matsa sai ya suɓuce.

Sai ya ɓullo da dabara. Kowace safiya zai shiga banɗaki ya tura ƙofa, ya kunna famfo, ya jiƙa burushin, ya yi ta kurkure baki yana kakari don Noreen ta jiyo daga kicin. Ya ɗan tsaya yana kallon kansa a madubi, sannan ya fito yana share baki da tawul. Kunya ce ke cinsa kullum, dattijo guda yana wasan kwaikwayo a cikin gidansa. Amma ya buɗe baki ya ce ya kasa, wannan ya fi masa ciwo. Aka fi shekara ana haka.

Haƙorin ciki ne ya tona masa asiri. Kumatu ya kumbura, kwana uku ko burodi ba ya iya taunawa. Noreen ta tusa shi a mota ta ja su zuwa asibitin haƙori a garin Griffith, tafiyar kusan awa biyu.

Likitar haƙorin, Dakta Tran, sa'ar ƙaramar 'yarsa ce. Ta leƙa bakin, ta ɗan gyara takunkumin hancinta, shi kuwa ya lura.

"Baba, sau nawa kake goge baki a rana?"

"Sau biyu. Tambayi tsohuwar nan, ita ce mai gadina."

Noreen na zaune a gefe da jaka a cinya. Likita ta ɓare sabon burushi daga leda ta miƙa masa.

"Nuna mini yadda kake yi."

Ya karɓa, ya kai baki, burushin ya faɗo masa a ƙirji. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa, wannan karon har ƙarƙashin kujera. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauko. Lindsay ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ba laifinka ba ne, Baba," in ji likitar. "Mai lafiyar hannu, na hannu ya ishe shi in yana gogewa da kyau. Kai na lantarki ne naka. Mariƙinsa da kauri, ɗorawa kawai za ka yi a haƙori ya yi aikin. In ba haka ba, yau na cire ɗaya, baɗi in cire shida."

"Inji? A bakina? 'Yar nan, ko rago ban taɓa sa wa inji ba."

Suka kama hanyar komawa gida. Can ya ce, da auduga cunkushe a baki, "Burushin nata ne ke da santsi."

"Lin, don Allah ka bari," in ji Noreen, idonta a kan titi. "Ni nake sayen man goge baki a gidan nan. Naka tun Kirsimetin bara bai ragu ba."

"Kin sani ke nan?"

"Hanci gare ni, tsoho. Ciwon wuyan da na ce shi ya sa nake kwana ina kallon bango, ka taɓa ganin na sha masa magani? A coci maƙwabciyarmu Beryl ta ga na fara ajiye jaka tsakanina da kai, ta tambaye ni ko faɗa muka yi. Na ce mata e. Gara a ce faɗa ne."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Jira nake ka gaya mini da kanka. Shekara arba'in da shida muna tare, na zaci zan ci wannan darajar."

Abin da ya faru a gaban likita bai kai rabin wannan ba. Shi a zatonsa kansa kaɗai yake cuta, ashe matarsa ce ke yawo a gari tana ƙarya don ta rufa masa asiri. Da suka shigo Hay ya ce ta tsaya a kantin magani, ya fita da kansa ya sayo burushin lantarkin.

Washegari da safe ya riƙe sabon burushin, ya zauna masa a tafi daram. Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin, ya danna, ya sake dannawa. Yatsan ya ƙi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya buɗe ƙofa.

"Noreen. Zo ki kunna mini. Na kasa."

Ta zo tana share hannu a jikin riga, ta danna, abin ya kama ƙara. Ta sa hannu ta tallafe masa gwiwar hannu, ta tsaya dab da fuskarsa har ya gama.