Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe mini kwanakin da na yi wankan haihuwar fari a gidanmu na Andarai ba. A shekarar ce murar tsuntsaye ta shigo ƙauyukanmu.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke waccan". Na girma ina ganin kamar ba ta damu da ni ba. Amma tun da cikina ya fito ta ware kaji shida tana zuba musu tsaki, wai na farfesun mai jego ne. Da na haifi namiji kuwa, duk son da kunya ta hana ta nuna mini sai ta juye shi a kansa. Takan ɗauke shi tana rawa a tsakar gida tana cewa, "Angona ya taho, tsohon can ya kwashe kayanai ya ba mu wuri." Tsohon shi ne Baba, sai dai ya yi dariya ya wuce gonar albasarsa.

Kwana biyu bayan suna, kajin suka fara gyangyaɗi, kawunansu a kumbure. A wurinmu da kaza ta fara layi ake sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Inna ta sa aka yanka biyu, ta fige su da kanta. Tana cikin wanke naman sai ga malamin dabbobi daga Maiyama yana bi gida-gida. Suka daɗe suna magana da Inna a zaure. Ni dai abin da na gani ta taga shi ne an haƙa rami an binne kajin duka, har da naman, Inna kuma ta dirje hannu da sabulu.

Daga ranar ba ta ƙara shiga ɗakina ba. Ta koma ɗakin da ake ajiye albasa, ta aika Jega aka ɗauko ƙanwar Baba ta ci gaba da yi mini wanka da dama kunun kanwa. Wallahi na ji haushi. Ƙuruciya ta sa na ɗauka baƙin cikin kajinta take hucewa a kanmu.

A rana ta huɗu yaron ya tashi da kuka, ya ƙi nono, ya ƙi goyo. Na saɓa shi na nufi inda Inna take zaune a kan tabarma, niyyata in dire mata shi in ga ƙarshen fushin.

Sai ta kira sunana. Da ƙarfi, gida duka ya ji.

"Tsaya nan!" ta ce. "Da hannun ga na hige kajin nan, kuma tun jiya jikina na da zahi. Malamin ya ce ciwon na kama mutum. In wani abu ya sami yaron ga, mi zan ce ma Allah?"

Hannayenta a miƙe suke kamar za ta karɓe shi, amma baya take ja. Daga can ta fara yi masa waƙar angonta har ya yi shiru. Ni ce na koma kukan.

Ranar Baba ya kai ta asibiti. Da sakamako ya fito aka ce zazzaɓin sauro ne, amma sai da ta cika kwana goman da likita ya gindaya mata kafin ta taɓa shi.

Yaron yanzu ya fi ni tsawo. Inna ta rasu bara, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake faɗar sunana ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni. Ranar na gane cewa wani lokaci mai sonka shi ne wanda zai hana kansa taɓa ka, alhali hannunsa yana miƙe.