Magini Mai Matakalar Dutse

Duk baƙon da ya zo garinmu, abu uku ake nuna masa: yawon kwale-kwale a kogi, tsohuwar gadar ƙarfe, sai hawan dutse. Wanda bai hau dutsen nan ya ga gari da kogi sun shimfiɗe a ƙarƙashinsa ba, ana cewa bai zo ba tukuna. Matakalar da ake bi a hau, ɗari huɗu da 'yan kai, kawuna ne ya jagoranci gininta.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Magini ne tun yana saurayi, mutum gajere mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan tukunya saboda siminti. Lokacin da hukumar gari ta yanke shawarar yi wa dutsen matakala don jawo baƙi, shi aka ba shugabancin magina goma sha biyu. Tun a makon farko suka saɓa da injiniyan aikin. Injiniya yana so a yi matakai masu tsawo don a gama da wuri, Kawu kuwa ya kafe a kan gajeru, kuma a gina dakalin hutawa bayan kowane taki arba'in.

"Malam magini, ga abin da ke takarda," in ji injiniya.

Kawu ya ce, "Yallaɓai, takardar ba ita za ta hau ba. Kai da tef ka auna, ni da gwiwar tsohuwata na auna."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to a yi yadda ya ce, amma in aiki ya ja, Kawu ne zai amsa tambaya. Aikin kuwa ya ja, shekara biyu da rabi. A ka leburori suke kai yashi da ruwa, don babu motar da ke iya hawa.

Da aka buɗe, gari ya canza. Motocin baƙi suka fara cika bakin kogi, masu hoto da masu lemo suka kafa rumfuna, masunta da yawa suka yi wa kwale-kwalensu fenti da rumfa suka koma ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. An liƙa allon ƙarfe a gindin matakalar ɗauke da sunayen manya. Babu sunan magini ko ɗaya. Na taɓa yi masa ƙorafin wannan, ya ce, "'Yar nan, wa ya taɓa tsayawa ya karanta allon? Kowa ƙafarsa yake kallo."

Ya ci gaba da gine-ginensa a cikin gari har gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba. Daga nan ya koma zaman gindin wata bishiya kusa da matakalar, da sandarsa da ƙaramar rediyo. Baƙi sukan ɗauka mai gadi ne, su tambaye shi me ake gani a garin. Shi kuwa ba ya gajiya: ku hau dutse da safe kafin rana ta yi zafi, ku riƙe ruwa, kada ku raina dakali ko kuna jin ƙarfi. Kwale-kwale ku bar shi sai la'asar, lokacin ruwa ya kwanta. Bai cika gaya musu cewa shi ya gina ba.

Wata damina ruwa ya yi ɓarna, ya zaftare matakai wajen talatin can kusa da ƙoli. Hukuma ta ba wani ɗan kwangila gyara, aka bar gefe ɗaya mutane na bi. Sai Kawu ya fara lura da masu saukowa. Wata dattijuwa ta zauna kusa da shi tana haki, ta ce ta kai har dakali na tara ta juyo, domin sababbin matakan sun fi ƙarfin ƙafarta. Washegari wani mai ɗauke da 'yarsa a kafaɗa ya faɗi haka nan.

Ranar Asabar da safe, ba ni da makaranta, don koyarwa nake yi, Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar da shi ya sa tsohon takalminsa na aiki, matarsa, da muke kira Inna, tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Gaya wa kawunki," ta ce, "mutumin da ke neman a ɗaga shi daga tabarma, shi ne wai zai hau dutse."

"Rakiya na kira ta, ba shari'a ba," in ji Kawu.

Muka kama hanya. Shekararsa tara rabonsa da hawa. Taki ɗaya, ya dogara sanda, ya jawo ɗaya ƙafar. A kowane dakali sai mun zauna, ya shafa simintin, wani lokaci ya ambaci wanda ya yi wurin, da yawansu sun rasu. 'Yan mata suna wuce mu da gudu suna ɗaukar hoto. Sau biyu na ce mu koma, bai ko kalle ni ba. Sai wajen azahar muka isa wurin gyaran.

Maginin da ke aikin babban mutum ne, har da furfura a gemu. Na zaci Kawu zai yi faɗa. Sai ya yi sallama, ya yi masa sannu da aiki, ya yaba kwaɓin simintinsa. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah riƙe min hannu in hau wannan."

Mutumin ya riƙe shi. Kawu ya ɗaga ƙafa, ta ƙi kaiwa. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Maginin ya dubi matakin, sannan ya ce, "Baba, ai kai ne mai aikin farko ko? An ba ni labarinka."

Suka zauna a kan buhunan siminti suka daɗe suna magana. Maginin ya ce ba zai iya rushe wanda ya bushe ba, mai kwangila ba zai yarda ba. Amma sauran goma sha ɗaya da ba a zuba ba zai rage musu tsawo, kuma zai sa ƙarfen riƙewa a gefen masu tsawon. Ya cika alkawari. Har yau wurin nan yana ba tsofaffi wuya, sai dai ana hawa.

Da muka tashi, maginin da wani lebura suka tallafe Kawu har ƙoli, tunda an zo kusa. Ya tsaya a bakin shinge, iska na kaɗa rigarsa. Kogi ya lanƙwashe a ƙasa yana ƙyalli, kwale-kwale kamar ɓawon gyaɗa, ga gada, ga kasuwa.

"Kin san ban taɓa tsayawa na kalla ba?" ya ce. "Duk shekarun nan bayana na ba kogin, fuskata na kan dutse. Ashe abin da suke zuwa gani ke nan."

Ya sa na nemo masa unguwarmu, muka bi layi-layi da yatsa har muka gano gidansa. Ya ƙanƙance ido.

"Wancan mai jan rufin? Kai! Haka kwanona ya yi tsatsa, duk baƙin duniya suna kallo?"

Saukowa ta fi hawa wuya, kusan ɗauko shi aka yi. Mako biyu yana kwance gwiwa a kumbure, Inna na gasa masa da ruwan zafi tana mita. Bai sake hawa ba har ya bar duniya bayan shekara huɗu. Amma ranar da ya fara miƙewa daga wannan kwanciya, kafin ya koma gindin bishiyarsa, sai da ya aika aka kira mai fenti ya hau rufin.