Anti Makulli ta Ɗakin Gwaji

Duk wadda ta yi karatu a makarantar jinya da unguwarzoma da ke bayan babban asibiti ta san Anti Makulli. Ita ke buɗe ɗakin gwaji da ƙarfe bakwai, ta goge gadaje, ta jera almakashi da safar hannu, ta fito da matar roba da jaririnta da muke koyon karɓar haihuwa a kansu. A takarda, mai shara ce da kula da kaya. Amma ranar da na riƙe jaririn robar a karkace, kafin malama ta juyo sai Anti ta raɗa mini, "'Yata, tallafi ƙeyar. Da na gaske ne, da yanzu uwarsa ta ci mutuncinki."

Sai a shekarata ta biyu, muna naɗe bandeji, ta ba ni labarinta. Ashe ita ma ɗalibar makarantar ce a da, kuma ba a haɗa hannunta da na kowa a ajinsu. Saura wata huɗu jarrabawar ƙarshe, mahaifiyarta ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jiki ya shanye. Yayyenta maza uku suka taru a tsakar gida, babban ya ce, "Ƙanwata, ke kika san aikin nan. Ki riƙe mana Inna zuwa baɗi, sai ki koma."

Baɗin nan ta kai shekara tara. Ita ke juya tsohuwar, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci da cokali, kuma har Inna ta rasu ko ƙurji ɗaya bai fito mata a baya ba. A cikin shekarun ta yi aure, ta haifi biyu.

Da ta dawo neman aiki, ta tarar ƙawarta ta aji, wadda ita ta koya wa neman jijiya da allura, ta zama malama. Ƙawar ta rungume ta ta ce, "Ki dawo karatu mana. Sai dai fa daga ajin farko za ki fara, doka ce."

"In zauna benci ɗaya da yaran da na goya?" in ji Anti. "Ke ki kira suna, ni in miƙe in ce ga ni? A'a, ba ni tsintsiya kawai."

Shekara uku a jere ƙawar na ajiye mata takardar shiga, tana ture ta. A ta huɗu shekarunta suka wuce ƙa'ida.

Wata rana da hantsi, muna ɗauke da kwandon zannuwa ni da ita, wata mota ta tsaya a bakin ƙofa, miji na ihu. Matarsa na kujerar baya, kan ɗa ya riga ya fito, cibiya ta naɗe wuyansa. Ni dai na tsaya riƙe da kwandon. Anti ta zari safa daga aljihuna, ta durƙusa, ta zare cibiyar da yatsa biyu, tana cewa, "Sannu ƙanwata, numfasa, kar ki yi nishi tukuna." Kafin a turo gado, yaron ya tsala kuka.

Babbar sista ta zo ta duba, ta ga komai daidai, sai ta yi ƙasa da murya. "Anti, kin san ba ki da lasisi. Ɗalibar ce ta karɓa, ni na sa ido." Aka rubuta haihuwar a littafina. Na sa hannu, kuma har yau abin na cina. Anti ta wanke hannu ta koma ta ɗauki kwandonta.

Bara na ziyarce ta, ta yi ritaya, gwiwoyi sun ƙi. Na ce yayyenta sun cuce ta. Ta girgiza kai.

"Kar ki ɗauki alhakinsu. Jinyar Inna ko yau aka ce in sake, zan sake. Girman kai ne ya cuce ni, 'yata. Karatun shekara uku ne fa kawai. Na yi ashirin da shida ina share ajin da na ƙi zama."

Ta murza gwiwa. Can ta matso da kujerarta ta ce in bayyana mata sabon maganin da ake bai wa mai jego idan jini ya ɓalle. Na fara bayani, tana tsayar da ni da tambaya, har jikarta ta gaji da jira ta kwashe kwanukan abincin da ta kawo mana.