Darar Baba da Taubashinsa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya ce "kai", in ba na nan ya ce "wancan na Sakkwato". Ba ma zama tabarma ɗaya, ba ma cin tuwo kwano ɗaya. In akwai magana tsakaninmu, Goggo ce ke kai ta ta kawo, ƙanwarsa da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Haka na taso na tarar, ban kuma taɓa ɗaukar abin a matsayin rashin so ba. A garinmu Isa kowa ya san kunyar ɗan fari.

Baba manomi ne, gero da dawa, amma bayan gona ba abin da yake so kamar dara. Abokin wasansa ɗaya ne tun suna samari: taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda muke kira Baffa, mai sayar da hatsi a Sabon Birni. Duk ranar kasuwa Baba na cikin mota, ko da abin sayarwa ko babu. In ciniki ya yi sanyi sai su share ƙasa bayan rumfar Baffa su tona gurabu. Baba ya kakkarya karan dawa, Baffa ya tsinto tsakuwa, kowa ya zuba 'ya'yansa, sannan a fara turawa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Sai dai rabin wasan a baki yake. Taubasai ne, an yarda su gaya wa juna abin da wani bai isa ya faɗa ba, kuma ba sa ragawa. Ina yaro nakan ji mutane suna cewa sun tsaya kallon darar ne don su ji baƙar magana, ba don su ga wanda zai ci ba.

Sai hanya ta lalace. Ba ramuka nake nufi ba, duk wanda ke yankinmu ya san abin da nake nufi. Baba ya rage zuwa, daga baya ya daina. Baffa kuma gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Akwai masu dara a Isa, amma wasu sa'annin 'ya'yansa ne, wasu kuma mutanen da yake jin nauyinsu. Ya zauna da su kaɗan ya bari. Wata rana Goggo ta kira ni ta ce yayanta ya yi shiru irin wanda ba ta so. Ko faɗa ya daina yi. Yakan zauna zaure ya tona gurabu da yatsa, ya dube su, ya shafe.

A lokacin ina aiki a gidan rediyo a Sakkwato, ina fassara labarai ina karantawa. Ban san komai ba game da haɗa manhajar waya, illa dai na taɓa hira da wasu matasa masu yi, na ga ba aljanu ba ne. Na ce a raina za ni gwada. In Baba ba zai iya zuwa wurin dara ba, dara ta zo aljihunsa.

Na fara da tsohuwar kwamfutata da bidiyon wani malami ɗan Indiya wanda Turancinsa ke gudu, sai na rage masa sauri sannan nake kama abin da yake faɗa. Hanyar 'yan koyo ya nuna, wadda ba a rubuta dogon umarni, sai dai a jawo 'yan tubala a allo a haɗa su, wannan ya ce "in an taɓa nan", wancan ya ce "a yi kaza". Abin farko da na haɗa maɓalli ne guda, in ka danna ya rubuta maka sallama. Na yi ta dannawa ina amsawa ni kaɗai.

A can na gane bambancin na'ura da mai sauraro. In ka tsallake kalma a labarai, mai sauraro zai cike maka. Na'ura ba ta cikewa. Abin da ka faɗa shi take yi, ko da shirme ne. Na zana gurabu, na manta ban ce gurbi ɗaya ɗa ɗaya yake ɗauka ba, sai 'ya'ya suka riƙa hawa kan juna. Na gyara wannan, sai na ga ɗa ya fita ta gabas ya ɓullo ta yamma. Ga shi kuma ita ƙidayarta daga sifili take farawa, abin da ya sa layin ƙarshe ya yi ta ɓace mini har na kusa haƙura. Dokokin wasan ma da nake ganin na sani, da aka zo faɗarsu ɗaya bayan ɗaya sai na ga da saura. Ba a jera uku lokacin zubi, wannan na sani. To in huɗu suka jeru fa? Baba ba ya tambayuwa a gare ni, don haka Baffa na kira. Ya ce huɗu ba su ci, sannan ya tambaye ni ko korata aka yi daga rediyo har na koma dara.

Da allo ya daidaita, saura abokin wasa. Dole in koya wa wayar yadda za ta zaɓi turinta. Na tsara mata abu mai sauƙi: in ta ga za a jera mata uku ta toshe, in ta ga za ta iya jera uku ta jera ta ci. Na gwada, ta ci ni. Na ji daɗi sosai, har sai da na hango Baba zaune a zaure, abin da na haɗa da hannuna yana ɗauke masa ɗa a gaban mutane. Ban yi dogon tunani ba. Na cire tubalin cin, na bar na toshewa. A ganina gyara na yi, kamar yadda mutum ke cire takalmi kafin ya isa gaban babba.

Da babbar salla na tafi da ita gida. Na yi wa allon launin ƙasa, 'ya'yan gefe ɗaya kamar kara, na ɗaya gefen kamar tsakuwa, na kuma faɗaɗa gurabun saboda babban yatsan Baba ba na taɓa ƙananan abubuwa ba ne. Na sa a wayarsa, na nuna wa Goggo, ita ta nuna masa. Bayan la'asar na hango shi ya sunkuya a kanta.

Bayan kwanaki kaɗan Goggo ta zo ta ce abin nan nawa ya lalace, wasa ɗaya ne tun ranar salla bai ƙare ba. Na karɓi wayar na duba. 'Ya'yan kowane gefe cif suke, ba a ci ko ɗaya ba. Na bincika tubalan duka ban ga kuskure ba. Washegari sai na tsaya daga bakin ƙofa inda nake iya hango allon. Baba na da biyu a jere, na ukun yana gefe, turi ɗaya ya rage. Ya dube shi, ya ɗauki wani ɗa can nesa ya tura. Wayar ta tura nata. Ya sake samun irin wannan dama, ya sake kaucewa.

Goggo ba ta iya dara ba amma ta san ci in ta gan shi. Ta tambaye shi abin da ya hana shi ci.

"Wa za ni ci?" in ji shi. "Ba wancan yas sa hankalinai ciki ba? In zauna ina cin ɗiyan yaro?"

Ta ce ai waya ce, ba mutum ba.

"Waya ta, amma dube ta. Sau nawa ina buɗe mata hanya, ba ta ci ba. Kunya gare ta. To ni za a ce ba ni da ita?"

Goggo ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ni kuwa na ja da baya a hankali. Tun ranar salla ni da mahaifina muke zagaye juna a cikin waya, kowa na ba ɗan'uwansa hanya.

A motar komawa Sakkwato na yi ta juya abin. Ko da na mayar da tubalin cin, Baba ba zai ci ba, don ni yake gani a ciki. Ba allon dara ya rasa ba. Mutumin da zai ci ba tare da jin nauyi ba ya rasa, kuma mutumin nan yana Sabon Birni.

Haɗa waya biyu su yi wasa ɗaya ya fi duk abin da na yi a baya wuya. Sai an sami wuri a intanet inda allon zai zauna, kowace waya ta riƙa leƙawa tana ganin abin da ɗayar ta yi. Damina ta shigo ta same ni a kai. Nakan ajiye waya biyu a tebur, in tura a wannan in jira in gani a waccan. Wani lokaci duk biyun su ɗauka turinsu ne, wani lokaci kowace ta tsaya jiran 'yar'uwarta. Ga matsalar sabis, wanda a wajenmu yake zuwa ya tafi yadda ya ga dama. Baffa ma wani lokaci sai na Nijar yake kamawa. Malamin bidiyo bai san da wannan ba. Ni na zauna na tsara yadda turi zai jira a cikin waya, ko wuni ne, har sabis ya dawo ya wuce da shi.

Mai cajin waya na kasuwar Sabon Birni ya sa wa Baffa tasa. Suka fara. Na kira Goggo ina ɗokin labari, ta ce Baba yana yi dai. In turi ya zo ya duba ya mayar, ya sa wayar aljihu, kamar mai shan magani. A nan na tuna da masu tsayawa kallo a bayan rumfa. Wannan gyaran bai ba ni wahala ba, murya ce sana'ata. Na ƙara jan maɓalli babba a ƙasan allo: ka danna ka riƙe, ka faɗi abin da ke bakinka, ya tafi tare da turinka.

Ina gida lokacin kaka saƙon farko ya iso. Muna zaure, Baba a kan buzunsa, ni can gefe kusa da ƙofa, ana shigo da dammunan gero. Wayar ta yi ƙara, ya danna, sai muryar Baffa ta cika zauren.

"Bawana, ashe kana da rai? An ce mani ƙanwarka ta ɓoye ka cikin rumbu. To ga ɗanka guda na ci. In kana son shi, aiko da goro."

Baba ya kalli allon, ya ga da gaske an ci shi. Ya gyara zama. Ya danna jan maɓallin, ya buɗe baki, sai ya tuna ina wurin. Na tashi na fita kamar an kira ni. Daga bayan katanga na ji shi.

"Tsoho mai gwiwar auduga, wa yak koya ma dara in ba ni ba? Tsaya nan inda kake, kak ka ce sabis ya ɗauke."

Ya ci gaba, da abubuwan da ba zan iya maimaitawa a takarda ba, har da labarin wani jaki da Baffa ya taɓa saye a ƙauyen Turba. Masu ɗaukar gero suka ajiye kaya suna saurare. Goggo ta leƙo daga cikin gida, ta dube ni, ta koma.

Tun daga ranar wasan bai tsaya ba. Wani turin yakan iso da hantsi, amsarsa sai bayan azahar. Goggo ta ce faɗa ya dawo gidan, har ta fara tunanin ko gara shirun da.

Ranar da zan koma aiki Goggo ta same ni ina ɗaure jaka, ta ce an aiko ta. Wai a tambayi wancan, ko akwai yadda za a yi mutum ya maido ɗa baya in hannunsa ya zame. Amma a wayarsa kaɗai za a sa, ba sai kowa ya ji ba. Ban kai ga amsawa ba wayata ta yi ƙara. Baffa ne. Bayan gaisuwa ya rage murya, ya ce yana da wata 'yar shawara, tsakanina da shi: tsofaffin yatsu kan yi kuskure, ko ba a iya yi masa wata ƙofa ta baya?

Na gaya wa kowannensu cewa har yanzu koyo nake, ban kai nan ba. Baffa ya ce ilimin zamani ba shi da amfani. Goggo ta kai tawa amsar zaure, ta ɗan jima, ta dawo.

"Ya ce ka yi sauri ka koya," in ji ta. "Mutumin nan ya kusa gama da shi."