Ginshiƙan Isiyaku Masu Tumbi

Duk wanda ya san ƙanena Isiyaku ya san ba ya gaida mutum sai ya gama gaida gini. Zai yi sallama idonsa na kan rufi, hannunsa na lalubo tef ɗin awo a aljihu. Ni na goye shi, amma har ya rasu ban daina fargabar fita da shi ba.

Mun je Maitama yi wa surukin 'yata barka da dawowa daga Makka. Alhaji ya miƙo hannu, Isiyaku ya wuce shi, ya je yana ƙwanƙwasa wani farin ginshiƙi a ƙofar falo.

"Alhaji, wannan me yake ɗauke da shi?"

"Ado ne, Dakta."

"To a ba shi kujera mana. Tsayuwar banza yake yi."

Ko ruwan gidan ban iya sha ba.

Shekara talatin Isiyaku yana zirga-zirga zuwa ƙasar Girka, wai aikinsa binciken tsofaffin gine-gine. Na ɗauka fadoji ne. Ran da ya nuna min hotuna sai ga kangaye, duwatsu tsaitsaye, ba rufi ba ƙofa.

"Su ma rusau aka yi musu?"

"Yaya, sun haura shekara dubu biyu."

"Wa ke kwana a ciki?"

"Ba kowa. Ɗakin gumakansu ne."

Na yi salati na ture hotunan. Ya ce, "Ni bango nake aunawa, ba gunki ba." Kuma fa mutumin nan a gidan haya yake!

Da na tara abin da na samu a sayar da busasshen kifi a kasuwar Kado, na sayi fili a Jikwoyi, gefen kwari. Shi ke nan abin da na mallaka a duniya. Ana fara gini sai ga Isiyaku da babbar riga, ya tsaya a kan Bitrus magini. Dole a ɗaga gidan matakala uku. Dole daɓen baranda ya ɗan yi tudu a tsakiya. Ginshiƙai kuma su ɗan kumbura.

Bitrus ya ja ni gefe. "Mama, ƙaninka ta ce in yi ma ginshiƙi ciki. Ni ban taɓa ba."

Na tare shi. "Isiyaku, gidana ne ko na Girkawa?"

"Naki ne, Yaya. Shi ya sa."

Wata biyu ban yi masa magana ba. Unguwa ta sa wa gidan suna Mai Juna Biyu. Kullum na hau matakalar nan da ciwon gwiwata sai na ambaci sunansa, kuma ba da alheri ba.

Daminar bayan rasuwarsa, da rana tsaka kwarin ya cika ya tumbatsa. Ina tsaye ina kallon katifar maƙwabciyata tana wucewa. Ruwa ya hau matakala ta farko. Ya hau ta biyu. Ya tsaya. Wanda iska ta watso baranda kuwa ya gangare gefe da kansa. Masu yi wa gidan dariya duk a barandata suka fake, kowa ya jingina da tumbin ginshiƙi. Na buɗe baki in kira shi ya zo ya gani, sai na tuna.

Allah ya jiƙanka, autan Inna. Allah ya ba ka gidan kanka a Aljanna, mai rufi.