Irin da Kawu Yake Warewa

Jiya a motar zuwa garin Isa na ji rediyon direba yana cewa ƙungiyar ƙwallonmu ta ci wasa uku a jere a ƙaramin rukuni. Sai na tuna marigayi Kawu, ƙanen mahaifiyata.

Ranar da ƙungiyar ta faɗo daga babban rukuni muna gonarsa ta Tsamaye, ana girbi. Rediyonsa na rataye a reshen gawo, ya ɗaure murfin da roba. Na miƙe a fusace na ce manyan 'yan wasa za su watse, ni kam na bar ta.

Bai ɗago ba. Yana ta murza zangarniyar gero a tafinsa, yana ware masu ƙwari, waɗanda ko da yunwa ba ya bari su ga turmi.

"Bari su tahi," in ji shi. "Yaran da ka tasowa, an sai da su?"

Na ce a'a.

"To, sun aje iri. Zamna."

Yaran nan ne ke cin wasa yanzu, Kawu kuwa bai ga ko wasa ɗaya ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya tarar da abin da ya shuka ya nuna.